Zaɓen kwamfiresa ga ƙaramin situdiyon gida: tambayoyi da amsoshi

Ƙananan situdiyo sun bazu a garuruwanmu. A su Wudil da Gaya da Dambatta, a su Ringim da Gumel da Haɗeja, za ka tarar da matashi ya ware ɗaki guda a gidansu ko ya kama shago a bakin kasuwa, ya ajiye laftof da makirfo, yana ɗaukar sha'irai da mawaƙan biki da masu tallan magani da karatun malamai. Mutum ba ya daɗewa a sana'ar kafin wani ya ce masa aikinsa bai yi nauyi ba saboda ba shi da kwamfiresa. Daga nan hankali ya tashi, a fara lissafin kuɗin motar zuwa Kano. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan na'ura, da amsoshinsu bisa yanayin da muke aiki a ciki.

Wai shi kwamfiresa me yake yi wa sauti?

Murya ba ta tafiya a kan ƙarfi ɗaya. Sha'iri zai fara baiti a natse, in shauƙi ya ɗebe shi ya ɗaga murya har mita ta taɓa ja, sannan ya sauko ya ƙarasa ƙafiyar can ƙasa-ƙasa. In kana zaune a gabansa ba abin da zai wuce ka. A rikodin kuwa, musamman in an ɗora kiɗa, inda ya sauko sai ya nutse, inda ya ɗaga sai ya huda kunne. Kwamfiresa wannan tazarar yake ragewa. Duk sautin da ya haura iyakar da ka sa masa sai ya danne shi, kamar yadda mai awo a kasuwar hatsi yake share tozon mudu don kowane mudu ya zo daidai da ɗan'uwansa. In an danne masu ƙarfin, sai ka sami sararin ɗaga sautin gaba ɗaya, a nan ne kalmomin da suka nutse suke tasowa.

Mu kam muna da bukatarsa ƙwarai, saboda wuraren da ake sauraron aikinmu. Ƙaramar sifikar waya ce, ko rediyo mai memori a gona da teburin mai shayi, ko cikin motar kasuwa inji na ruri. A irin waɗannan wurare, duk abin da aka faɗa a hankali ya tafi.

Yaya, ina da ɗan kuɗi a hannu. In sayi na akwati, ko na cikin kwamfuta ya wadatar?

Ya wadatar, ƙanena, ka riƙe kuɗinka.

A zamanin tef dole ne a danne sauti kafin ya shiga, domin tef yana da shuuu a ƙasa, in kuma aka matsa masa sai sautin ya fashe, sararin da ke tsakani ba shi da yawa. Yanzu ba haka abin yake ba. Rikodin mai bit 16 yana da sararin desibel (dB, ma'aunin ƙarfin sauti) 96 a lissafi, mai bit 24 kuwa 144. A aikace ba a samun duka, amma abin da ake samu ya ishi kowace murya ta miƙe ƙafa. Ka saita manhajarka a bit 24, ka ce wa mawaƙin ya rera wurin da ya fi ɗaga murya, ka murɗa gen, wato maɓallin ƙara ƙarfi, na sawunkad (akwatin da ke haɗa makirfo da kwamfuta) har ƙololuwar ta tsaya wajen -10 dB. Shi ke nan, ba abin da zai fashe, dannewar kuma ka yi ta daga baya a natse.

Akwai kuma abin da ya fi wannan muhimmanci. Abin da na akwati ya danne yayin ɗauka ya dannu ke nan, ba a warware shi. In ka matsa da yawa, sai dai ka kira mawaƙin ya dawo, wataƙila daga ƙauyen da sai ranar kasuwa ake samun mota. Na cikin kwamfuta kuwa, gobe in ka saurara da sabon kunne ka ji ya yi yawa, sai ka sassauta. Akwati ɗaya yawanci layi ɗaya ko biyu yake ɗauka, fulogin kuwa, wato na cikin kwamfuta, za ka sa wa jagora nasa, 'yan amshi nasu, kalangu nasa. Sannan yana tuna saitinsa. In mai waƙa ya dawo bayan mako biyu ya ce a canza baiti ɗaya saboda an manta sunan ƙanwar ango, kana buɗe aikin komai yana nan yadda ka bar shi.

Kuɗin kuma ga inda ya kamata su tafi: makirfo mai kyau, rufaffen hedifon wanda ba ya zubar da kiɗa cikin makirfo, gyaran ɗaki, da wutar da za ka dogara da ita.

Maɓallan nan da ke jikinsa, kowanne me yake nufi?

Biyar ne manya, kuma ko a akwati ko a fulogin yawanci su ne dai.

Tireshol shi ne iyakar. Abin da bai kai shi ba, ba ruwan kwamfiresa da shi. Reshiyo kuma shi ne yawan dannewar da za a yi wa abin da ya haura. A ce ka sa iyaka a -20 dB, reshiyo 4:1, sai mawaƙi ya ɗaga murya ta kai -8. Ya haura da 12 ke nan. Kwamfiresa zai raba 12 gida huɗu ya bar 3 kawai su wuce, sautin ya fita a -17. An rage masa 9 dB. Reshiyo 2:1 sassauci ne, 4:1 matsakaici, daga 10:1 zuwa sama kuwa an shiga aikin limita, wato wanda ke hana sauti ƙetare iyaka.

Atak shi ne saurin da yake kai hannu bayan sauti ya haura, ana ƙirga shi da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Wannan maɓalli masu koyo suka fi rainawa, alhali a harshenmu yana da tasiri babba. Haruffa irin su ƙ da ts da k da t, rayuwarsu tana cikin ɗan bugun nan na farko. In atak ya yi sauri fiye da kima sai ya haɗiye bugun, ka ji murya ta yi laushi, kalmomi suna shiga juna, mai saurare yana tambayar me aka ce. Rilis shi ne saurin sakin hannu bayan sautin ya sauko. In ya yi sauri sosai sai ka ji sautin yana shaƙa yana fesarwa, in ya yi jinkiri sai ya ci gaba da danne kalmar da ta biyo baya wadda ba ta yi laifin komai ba. Na biyar shi ne gen na fita, wanda ake mayar da ƙarfin da aka rage da shi.

Idonka ya fi zama a kan mitar da aka rubuta wa GR. Ita ce ke nuna desibel nawa ake ragewa a wannan lokacin. Lambar da ke kan tireshol ba ta gaya maka komai in ba ka san ƙarfin abin da ke shigowa ba, amma wannan mitar ba ta ɓoye maka.

Na sa kwamfiresa sai na fara jin ƙarar janareta da kukan zakara. Ya lalace ne?

Lafiyarsa ƙalau. Wannan tambayar ita ce ta fi dacewa da mu, kuma a nan gizo ke saƙar.

Kwamfiresa ba ya wanke sauti. In ka danne murya da 8 dB, ka mayar da 8 dB ta gen na fita, duk abin da ke cikin ɗakin ka ɗaga shi da 8 dB: gurnanin janareta daga bayan gida, injin niƙa na maƙwabta, fanka, babur ɗin da ya wuce, tafasar ruwan sama a kan kwano, har da amsa-kuwwar bangon siminti. Da can ma suna nan, murya ce ta rufe su. Yanzu da zarar mawaƙi ya tsaya jan numfashi sai su cika gurbin. Shi ya sa situdiyon da ɗakinsa bai gyaru ba, gwargwadon yadda ya matsa kwamfiresa gwargwadon yadda aikinsa ke ƙara muni, kuma na dala dubu da na kyauta duk abu ɗaya za su yi masa.

Maganin daga ɗaki yake farawa. In a gidanku akwai ɗakin ƙasa mai kauri da rufin azara, kada ka raina shi, ya fi ɗakin bulo mai tayil da rufin kwano nesa ba kusa ba, ga tare hayaniyar waje ga sanyi. Ka jingina tsohuwar katifa a bayan mawaƙi, ka rataya bargo mai nauyi a bangon da yake fuskanta da kan taga, ka shimfiɗa darduma ko tabarma. Kiret ɗin ƙwai da ake mannawa a bango ba ya hana ƙarar waje shigowa, ɗan abin da yake yi bai kai wahalar manna shi ba. Janareta a ja masa doguwar waya a kai shi nesa, in kuwa akwai batir da inbata a kashe shi ɗungurungum yayin ɗauka. Ka kuma san lokutan unguwarku. Bayan isha'i gari ya fi lafawa, da hantsi kuwa masu niƙa da masu faskare suna kan aiki.

Sai tazarar baki da makirfo. Duk lokacin da mutum ya ninka tazararsa, ƙarfin muryarsa yana raguwa da kimanin 6 dB, hayaniyar ɗakin kuwa tana nan yadda take. Ka tsayar da shi kimanin taƙi ɗaya daga makirfo, da 'yar ragar tare iska a tsakani. Tsofaffin mawaƙa da suka saba da fage sukan yi ta rangaji suna kai gaba suna komowa. A nan sai da lalama: "Baba, a ɗan tsaya kan tabarmar nan, in za a ɗaga murya a ja baya kaɗan." Dattijon da ya gane wannan ya rage wa kwamfiresa rabin aiki. In ɗakin ya ƙi gyaruwa, makirfo dainamik irin Shure SM58 ya fi kwandensa, wato makirfo mai saurin jin komai, rufa asiri, domin ana rera masa ne dab da baki.

Kafin kwamfiresa kuma ka sa ikwalaiza, mai rage ko ƙara kauri da kaifin sauti, ka yanke abin da ke ƙasa da 80 Hz a murya, wato sautin mafi kauri. Gurnanin wutar lantarkinmu a 50 Hz yake, kuma muryar mutum ba ta da wani abin kirki a can.

Ina ganin sunaye irin 1176 da LA-2A a bidiyoyi. Mene ne bambancinsu?

Tsofaffin na'urori ne na Amurka waɗanda yawancin fulogin na yau suke kwaikwayo, kuma kowanne da hanyar da yake danne sauti.

LA-2A na kamfanin Teletronix ne, ya fito a shekarun 1960. A cikinsa akwai ɗan allo mai haske da wani abu mai jin haske a gabansa. In sauti ya yi ƙarfi hasken ya ƙaru, sai sautin ya ragu. Saboda haka hannunsa yake da taushi, kuma in zai saki yakan saki rabi da sauri sauran a hankali. Manyan maɓallansa biyu ne kacal. Ga murya mai jan baiti, wannan nau'in yana da daɗin aiki, kuma da wuya mai koyo ya ɓata abu da shi.

1176 kuwa Bill Putnam ne ya ƙera shi a 1967, da taransisto nau'in FET. Saurinsa ya wuce misali, atak ɗinsa mafi jinkiri ma bai kai milisakan ɗaya ba. Reshiyo huɗu gare shi: 4, 8, 12 da 20. Yana turo murya gaba ta tsaya a kan kiɗa. Ka lura, a jikinsa da fulogin ɗin da suka kwaikwaye shi, lambobin atak da rilis a juye suke: 7 ita ce mafi sauri, 1 mafi jinkiri.

Sai nau'in da ake kira VCA, irin dbx 160 na 1976 da wanda ke cikin manyan mikisocin SSL. Su abin da ka ce shi suke yi, sun dace da ganguna da haɗa kan waƙa gaba ɗaya. Yawancin masu araha na kasuwa wannan nau'in ne. Na huɗu su ne masu bawul irin na tsohuwar rediyo, shahararrensu Fairchild 670 na ƙarshen shekarun 1950, mai bawul 20 da nauyin kusan kilo 30.

Na asalin dubban daloli ake sayar da su. Sanin halinsu shi ne amfaninka, don in ka ga fulogin ka gane danginsa.

To wane fulogin zan fara da shi?

Wanda ya zo da manhajarka. A FL Studio akwai Fruity Compressor, akwai kuma ɓangaren kwamfiresa a cikin Fruity Limiter, wanda ke zana maka abin da yake yi wa sauti kana kallo. Cubase na da nasa, Reaper na da ReaComp, Audacity ma da ake samu kyauta yana da shi. In kana son ƙari ba tare da ka biya ko sisi ba, kamfanin Klanghelm ya ba da DC1A da MJUC jr. kyauta, dukkansu maɓalli kaɗan ne kuma suna yi wa murya kyau. Tokyo Dawn ya ba da TDR Kotelnikov, wanda ba ya canza launin sauti, ya dace da waƙa gaba ɗaya. Ka ɗauki guda biyu, mai tsabta ɗaya mai taushi ɗaya, ka zauna da su har kunnenka ya san halinsu.

Waɗanda ake tura wa mutum a filashi fa, da aka fasa makullinsu?

Haƙƙin wasu ne, kuma ta nan ƙwayoyin cuta suka fi shiga kwamfuta. Laftof ɗaya gare ka, aikin mutane na ciki. Na kyautan da aka ambata sun ishe ka.

Ba ni saitin da zan fara da shi a muryar mawaƙi.

Reshiyo 3:1 ko 4:1, atak tsakanin milisakan 10 da 20, rilis wajen 80 zuwa 150. Ka riƙa sauke tireshol har mitar GR ta nuna 3 zuwa 6 dB a wuraren da ya ɗaga murya, tana komawa sifili in ya tsaya. In ba ta komawa, ko dai tireshol ya yi ƙasa da yawa ko rilis ya yi jinkiri. Daga nan kunne ne alƙali.

Amma kunne yana da rauni guda: duk abin da ya fi ƙarfi sai ya ce ya fi daɗi. Don haka ka daidaita gen na fita yadda in ka kashe fulogin ɗin ka kunna, ƙarfin ɗaya ne, sannan ka yi hukunci. Da yawa daga abin da ake cewa kwamfiresa ya gyara, ƙarin ƙara ne kawai.

In mawaƙin mai hawa da sauka ne sosai, kada ka ɗora wa kwamfiresa ɗaya duk nauyin. Ka bi rikodin ɗin da hannu tukuna, ka ɗan ɗaga kalmomin da suka nutse, ka sauke ihun da ya fita daban. Aiki ne mai cin lokaci, amma shi ne ke bambanta aikin da aka zauna aka yi da wanda aka yi don a sallami mutum. Bayan haka mai sauri ya tsinke ƙololuwa da 2 ko 3 dB, mai taushi ya biyo baya da wasu 2 ko 3. In s da sh da ts suka fara yankan kunne, di-esa za ka sa, wato mai rage kaifin waɗannan haruffa, yawanci tsakanin 5 da 8 kHz. 'Yan amshi kuma ka tara su a layi ɗaya ka danne su tare da 2:1, za ka ji sun zama baki ɗaya a bayan jagora.

Karatun Alƙur'ani da wa'azi ma haka zan yi musu?

A'a, ba ɗaya ba ne. Wa'azi da tafsiri magana ce da za a saurara a waya ko a kasuwa, kuma malam yakan juya wajen alaramma, ya sunkuya kan littafi, ya ɗago. A nan 3:1 ko 4:1 yana taimakawa don kada jimla ta ɓace.

Tilawa kuwa a yi mata hannu da sauƙi. Alaramma ya yi shekaru yana gyara mafitar haruffa, da ƙalƙala, da gunna, da jan madda. Atak mai sauri yana dusashe ƙalƙala. Matsi mai yawa yana ɗaga jan numfashi a wurin waƙafi har ya kusa kai ƙarfin karatun, ya kuma baje hawa da saukar da mai karatu ya yi da niyya. Reshiyo 2:1, atak wajen milisakan 20 zuwa 30, ragewar kada ta wuce 2 ko 3 dB. Yana ba ni takaici in ji karatu mai kyau an matse shi an kuma lafta masa eko har ba a rarrabe sin da sadi. Kafin ka miƙa aikin ka ba shi hedifon: "Allah gafarta Malam, a saurara a ji ko haruffan sun fita." Shi ya fi ka sanin inda aka tauye.

Kayan kiɗan gargajiya fa?

Kalangu daɗinsa biyu ne, bugun makaɗi da lanƙwasar sautin in an matsa tsarkiya. Ka bar bugun ya wuce da atak na milisakan 20 zuwa 30, rilis kuma ya saki kafin bugu na gaba, sai jelar sautin ta taso a ji maganar da kalangun ke yi. Mandiri yana da gurnani a ƙasa wanda ke sa kwamfiresa ya yi ta kai hannu ba dalili, don haka a sassauta masa, musamman in masu bugun da yawa ne a makirfo ɗaya. Kukuma da goge mai taushi suke so, kaɗan. Algaita kusan ba ta bukata sam, domin mai busa ba ya yanke iska, ƙarfinta a miƙe yake tun daga farko. Ita matsalarta kaifi ne, wannan kuwa aikin ikwalaiza ne da ja da makirfo baya.

Ina yin tallace-tallace da ake kaiwa gidan rediyo. Akwai wata dabara?

Akwai sayidcen. Kwamfiresan a kan kiɗa za ka sa shi, amma ka umarce shi ya saurari muryar mai talla. Da ya buɗe baki kiɗa ya sunkuya, da ya yi shiru ya ɗago. Ka ba rilis ɗin ɗan tsawo, wajen milisakan 300 zuwa 500, don kada kiɗan ya riƙa leƙowa tsakanin kalma da kalma. Kuma kada ka matse tallan har ƙarshe, gidajen rediyo suna da nasu na'urorin da ke ƙara danne duk abin da za su watsa.

Ke nan babu inda na akwati yake da amfani?

Akwai, duk inda sauti zai fita kai tsaye ba damar gyara daga baya. In kana ɗaukar hayar sifiku zuwa majalisin maulidi, wa'azin kasuwa, walimar sauka ko taron biki, ko kana watsa karatu kai tsaye a Facebook, a nan kwalliya tana biyan kuɗin sabulu. Yana tare ihun da zai fasa sauti, yana kuma rage wa sifiku wahala. Masu sauƙin kuɗi da aka sani su ne dbx 266xs da Behringer MDX2600, kowanne layi biyu. Ga mai aikin murya ɗaya, dbx 286s ya haɗa firi-amf (mai ɗaga sautin makirfo) da wutar 48V ta makirfo kwandensa da kwamfiresa da di-esa a akwati guda. Wasu mikisocin Yamaha na jerin MG, irin MG10XU, suna da kwamfiresa mai maɓalli ɗaya a jikinsu, wanda ya ishi yawancin taruka.

A fili ka yi hattara da gen na fita. Kana ɗaga shi kana kusantar da kukan nan na wiii, domin makirfo yana ƙara jin sifikun da ke kusa da shi.

In na saya, a ina zan jona shi?

Makirfo ba ya shiga kwamfiresa kai tsaye, sai irin 286s mai firi-amf a ciki. Sautin makirfo ƙanƙane ne, sai firi-amf ya ɗaga shi tukuna. Hanya mafi sauƙi ita ce ramin insat, da waya mai kai ɗaya a gefe guda da kai biyu a ɗaya gefen, ɗaya ya kai ɗaya ya dawo. To amma ba kowane sawunkad ke da wannan ramin ba. Focusrite Scarlett Solo da 2i2 ba su da shi, Behringer UMC204HD da UMC404HD suna da shi. Ka juya bayan naka ka duba tun kafin ka shiga mota. In babu, sai ka bi ta mikisa ko wani firi-amf daban, wato wani sabon kashe kuɗi.

Wuta da ƙura da zafi fa?

Wutarmu 230V ce. Kayan tokumbo da suka fito daga Amurka da yawansu 120V ne, in aka jona su kai tsaye tiransifomarsu ta ƙone nan take. Ka karanta rubutun da ke kusa da ramin wuta. Wasu suna da ɗan makunnin canzawa, wasu sai da sitef-dawun. Masu adafta ma a kula: Alesis 3630, wanda ya cika kasuwar tsofaffin kaya, adaftar 9V AC yake ci, ba DC irin wadda aka saba gani ba. Inbata kuma ka nemi mai tsabtatacciyar wuta, wadda ake kira fiyo-sayin, domin mai arahar tana sa zzzz a layi, kwamfiresa kuma ya ɗaga shi. Sitabilaiza wajibi ce.

Ƙurar hunturu tana shiga maɓallai, sai ka ji ƙaras-ƙaras in ka murɗa. Ka ɗinka masa riga ka riƙa rufewa. Masu bawul kuwa zafi suke fitarwa, a ɗakin da ka kashe fanka a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Ka yi wannan lissafin kafin sha'awa ta ja ka.

Masu kawo aiki suna cewa waƙata ba ta kai ta 'yan birni ƙara ba. In ƙara matsawa?

Kokensu yana da tushe. YouTube da Spotify suna sauke duk waƙar da ta wuce wajen -14 LUFS (ma'aunin ƙarar waƙa gaba ɗaya), don haka a can tseren ƙara ba shi da riba. Amma mutanenmu da yawa a wurin masu turi suke karɓar waƙa, ko ta WhatsApp da Xender, kuma rediyo mai memori ba ta daidaita komai. Waƙarka tana biyo ta wani, in ta yi ƙasa an ji.

Sai dai ƙarar ba daga matsa kwamfiresa ɗaya take zuwa ba. Kaɗan a murya, kaɗan a ganguna, 1 ko 2 dB a kan waƙar gaba ɗaya, sannan limita a ƙarshe, rufinsa a -1 dB, saboda mayar da waƙa MP3 yakan ɗan ɗaga ƙololuwa. Ka rage gurnanin ƙasa da ya yi yawa, wanda sifikar waya ba ta ma fitar da shi amma yana cinye maka sarari. Ka tura aikin a wayarka ka fita tsakar gida ka saurara. In bugun ganga ya daina motsa ka, ko murya ta fara tsatsa, ka wuce gona da iri, ka koma baya.

Kwamfiresa ne ke rage nauyin fayil don a tura ta WhatsApp?

A'a. Wannan a wurin fitar da waƙa ake yi, in ka zaɓi MP3 maimakon WAV. Ka ajiye WAV ɗin a wurinka, ka ba mai aiki MP3 mai 192 ko 320 kbps, ka kuma tura shi a matsayin dokumen.

Na yanke shawarar sayen na hannu. Me zan duba a shagon?

Ko a Sabon Gari ne ko wani zai aiko maka daga Alaba, kada ka yi sayen kifi a ruwa. In aike ne, a yi maka bidiyonsa yana aiki, ku kuma yi magana a kan mayarwa tun kafin kuɗi su fita. In da kanka ka je, tafi da hedifon ɗinka da rikodin ɗin murya wanda ka sani sarai, ka roƙi mai shago ya jona maka ta mikisa. Ka murɗa kowane maɓalli daga farko har ƙarshe kana sauraron ƙaras-ƙaras. Ka sauke tireshol ka ga fitilun GR suna kamawa ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta mutu. Ka sa wa layi biyun saiti ɗaya ka ji ko ƙarfinsu ya zo daidai. Ka tsayar da rikodin ɗin ka ɗaga gen na fita ka saurari shirun, in akwai gurnani mai kauri to akwai magana a ɓangaren wutarsa. Ka girgiza wayoyin a ramukansu ka ji ko sauti na yankewa. Ka duba kusoshin murfin, in sun sha sukundireba an taɓa buɗe shi, sai ka tambayi abin da aka gyara. Ka bar shi a kunne kamar minti 20 kuna ciniki, domin wata matsalar sai ya ɗau zafi take bayyana. Adaftarsa ko wayar wutarsa kuma a gwada ita ɗin da za a ba ka, a sa ta cikin cinikin, a rubuta a rasit.